Daga Yawuri zuwa Wara da inji 15: jarka nawa zan ɗauka?

Ɗan Kwata:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta, ko da yake abin kunya ne.

Sana'ata sayen banda. Shekara tara ina bin jirgin fasinja daga Yawuri zuwa tungayen masunta na kogin Kwara, in sayo in kawo, wani in tura Kontagora, wani Kaduna. Bayan babbar sallah na tattara abin da na tara na sa aka ƙera mini kwale-kwalen katako, tsawonsa wajen ƙafa 30, na ɗora masa Yamaha mai doki 15, na hannu amma lafiyarsa ƙalau. Tankinsa jan nan ne mai cin lita 24. Ban gaji ruwa ba, babana tela ne. Wani yaro Basarke, ɗan Sarkawa masunta, ya koya mini tuƙi cikin mako uku, daga nan na ga ai na iya.

Makon jiya na tafi wata tunga ƙasa da Zamare. Na zuba lita 20. Na tashi da hantsi ni kaɗai, jirgi wayam, cikin awa ɗaya da rabi na isa. Ciniki ya ja ni har bayan la'asar. Da zan juyo na ɗaga tanki na jijjiga, na ji ya fi rabi sosai. Na ce a raina, abin da bai kai rabi ba ya kawo ni, wanda ya fi rabi kuwa ai har da canji zai mayar da ni gida. Na loda kwali shida na banda, mutum biyu suka roƙe ni in rage musu hanya, na ce su shigo. Ganin rana ta yi ƙasa sai na murɗe hannun inji har ƙarshe.

Ina hango fitilun Yelwa, wato garin Yawuri, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Na karkata tanki na matsa famfon tiyo, ya tashi ya yi minti biyu ya sake mutuwa. Filafili ɗaya ne a jirgin, ruwa kuma yana mayar da mu inda muka fito. Ɗaya daga cikin fasinjojin ya kama salati, ɗayan ya kama yi mini faɗa, shi da bai biya ko sisi ba. Allah ya kawo wani yaro mai duba koma, ya sayar mini da kwalba biyu a kuɗin da har yau ban gaya wa maiɗakina ba. Bayan isha'i muka taka kwata.

To yanzu ina son zuwa Wara, can bakin tafkin Kainji, ranar kasuwa in dawo da kaya. Taswirar waya ta nuna mini wajen kilomita 70 ta ruwa. Ga hunturu ya kankama. Yaya ake lissafin man da zai kai ni ya dawo da ni? Jarka nawa zan riƙe bayan tanki? Jarkar man girki mai ruwan ɗorawa ɗin nan ta yi, ko sai wata? A ina ake ajiye ta cikin jirgi? Kuma in haɗa mata baƙin mai tun daga gida ko sai zan juye? Masana ruwa ku taimaka, don ba na son in sake jin salatin fasinja.

Malamin Firamare:

Wa alaikumus salam. Sannu da arziki ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba.

Kuskurenka guda ne, kuma kusan duk wanda ya baro babur ya shiga jirgi sai ya yi shi. Ka yi wa jirgi lissafin babur. A tudu nisa ake dubawa, a ce lita ɗaya tana kai ka wuri kaza. A ruwa awa ake ƙirgawa. Inji bai san kana gaba ko kana tsaye ba, shan mansa yake yi gwargwadon yadda ka murɗa shi da tsawon lokacin da ya yi yana kuka.

Irin injinka, mai haɗin fetur da baƙin mai, in ka murɗe shi duka yana shan wajen lita 7 a awa. In ka sassauta zuwa kashi uku cikin huɗu sai ya sauko wajen 4 da rabi, alhali gudun da ka rasa kaɗan ne, don jirgin katako mai kaya yana da iyakar gudunsa. In ya kai nan, ko ka ƙara wuta sai dai ya tsuguna da baya ya riƙa tura ruwa. Duba tafiyarka: awa ɗaya da rabi a zuwa, ka sha kamar lita 7. Saura 13. Ka dawo da kaya da mutane, a murɗe, kana hawan ruwa. Lita 13 a hakan ba ta cika awa biyu ba, kuma akwai wajen lita guda a gindin tanki da bututu ba ya iya zuƙowa. Ka ga ba aljanu ba ne.

Sai batun gudun ruwa, wanda mutane ke cewa ai abin da ya ci maka a hawa ya ba ka a gangara. Ba haka ba ne. A ce jirginka na yin kilomita 12 a awa a ruwa kwantacce, kogi kuma na gudu 3. A gangara kana yin 15, a hawa 9. Kilomita 30 a gangara awa 2 ke nan, a hawa kuwa awa 3 da minti 20. Jimla awa 5 da minti 20, alhali da ruwan a kwance yake awa 5 cif za ka yi. Kullum hawa ya fi cin lokaci, don a nan kake daɗewa.

Ka'idar da masu jiragen ruwa ke bi ko'ina a duniya ita ce a raba mai uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya kuma ba a taɓa shi sai ta ɓaci. A aikace, ka lissafa abin da zuwa da dawowa za su ci, ka ƙara rabinsa a kai. Sai dai alƙaluman nan nawa na jirgin ƙanen babana ne. Naka ka auna da kanka: cika tanki zuwa wata alama, ɗora kaya irin wanda za ka ɗauko, yi rabin awa gangara rabin awa hawa ba tare da ka taɓa hannun inji ba, ka raɓa gaɓa ka cike da kwalbar lita kana ƙirgawa. Sau biyu za ka yi, ɗaya a murɗe ɗaya a sassauce.

Jikan Sarkawa:

Na karanta wa Baba tambayarka da amsar Malam. Shi ne ke magana, ni rubutu kawai nake yi, don haka in ka ji faɗa ba nawa ba ne.

Ya ce a gaishe ka, a kuma gaya maka yaro, wanda ya koyi tuƙi cikin mako uku bai koyi ruwa ba, inji ya koya. Ya ce lissafin Malam daidai ne a takarda, kuma bai raina shi ba, amma takarda ba ta san iska ba. Daga Wara zuwa Yawuri arewa ka nufa, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take fitowa, wato a goshi za ta tare ka. Ga baƙin ruwa ya iso, wanda ke zuwa daga can ƙasashen sama bayan namu farin ruwan na damina ya wuce. Iska da ruwa duk za su raka ka zuwa, duk kuma za su tare ka a dawowa. Ya ce wagga tafiya zuwanta biki ne, dawowarta noma.

Ya ce yana yaro aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968, a gabansa ruwa ya haɗiye gungu da gonaki aka kwashe mutane zuwa tudu. Itatuwan da ba a sare ba suna nan a ƙasa har gobe. In ruwa ya janye kana ganin kawunansu, in ya cika kamar yanzu sai su ɓuya da ɗan taƙi kaɗan. Saboda haka layin da wayarka ta ja ba shi ne hanya ba. Hanya tana kewaye, wani wuri ka bi gaɓa, wani wuri ka nisance ta, ga komar masunta da za ka kauce wa, ga kainuwa da burugu da ke naɗe farfela sai ka tsaya ka ɗaga inji ka warware. Saba'in ɗinka ka ɗauke ta tamanin.

Kuma in ka wuce inda kogi ke da ƙunci ka fita fili wajen tsibirin Foge, inda ba ka hango ɗaya gaɓar in akwai hazo, nan ne taguwa ke tashi. Daga hantsi zuwa azahar iska ta fi ƙarfi. Jirgi mai hawa taguwa yana sauka rabin aikinsa a banza yake tafiya, ga ruwan da ke fantsamowa ciki yana ƙara nauyi. Ya ce ka sa yaro a tsakiya da ƙwarya yana kwarfewa, don ruwan da ke kwance a cikin jirgi fasinja ne da bai biya ba, kuma mai yake sha.

Game da jijjiga tanki, dariya ya yi har da tari. Ya ce hannu maƙaryaci ne. Shi kara yake da shi, tsinken gora da ya yi wa tsaga. Ya zuba lita biyar ya tsoma ya tsaga, ya ƙara biyar ya tsaga, har tanki ya cika. Shekara da shekaru karan nan na rataye a jikin jirgi. Duk awa guda sai ya tsoma. In ya ga kashi ɗaya cikin uku ya tafi bai kai inda ya nufa ba, ko dai ya san inda zai sayi wani ko ya juya, ba ya tsayawa shawara da zuciyarsa.

Abu na ƙarshe, ya ce kada ka kuskura ka ce za ka je ka dawo a yini ɗaya. Da inji 15 ba za ta yiwu ba, sai dai ka yi dare, kuma dare a wannan ruwan ba na baƙo ba ne, ga hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ma ta hana tafiyar dare. Ka je ana gobe kasuwa, ka kwana, ka yi cinikinka, ka sake kwana in ta kama, ka taso da an sallame asuba gari ya fara haske, kafin iska ta farka. Kuma karon farko ka bi bayan wani jirgi da ya san hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na Gidan Mai:

Ni dai ban ga abin wahala ba. A Wara ba a sayar da mai ne? Ka cika tanki, ka riƙe jarka ɗaya, in ka isa ka saya. Me zai sa ka mayar da jirginka tankar mai? Wurin da jarka uku za su zauna kwali biyu ne na banda, ribarka ke nan ka zubar.

Makaniken Bussa:

Na Gidan Mai, ana sayarwa, amma wane iri? Ni ne ake kawo wa injinan bayan an sha na bakin ruwa. Ban ce duka ba, akwai masu tsoron Allah. Amma ranar kasuwa jirage sun yi yawa, wanda ke da mai kyau ya sayar da wuri, baƙo kuma shi ake juye wa gindin duro. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu, algus ya ƙaru a wajen 'yan bumburutu. Wani da kananzir, wani ruwa ne ya shige shi don duron ya kwana a buɗe. Fetur mai ruwa a mota tsayawa ne a gefen titi. A tsakiyar Kainji wani zance ne daban.

Ɗan Kwata, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ka riƙe farar kwalbar gilashi. Kafin ka biya ka sa a tsiyaya maka kaɗan daga ƙasan jarkar, ka ajiye minti biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a gindi kamar ƙwallo. Na kananzir kuma ka ɗiga a tafin hannu ka hura. Fetur tsantsa bushewa yake nan take ya bar sanyi, mai kananzir yana barin maiƙo.

Yanzu jarka. Gaskiya ita ce jarkar man girki ba don fetur aka yi ta ba. Robarta ba ta da kauri, murfinta ba ya riƙe tururi, rana tana gasa ta har ta yi gautsi. Mafi kyau shi ne ka samu tanki na biyu irin jan nan, ko na hannu ne, don in na farko ya yi ƙasa sai ka zare tiyo ka soka a na biyu, ka matsa famfo, shi ke nan, babu juyi a kan ruwa. Bayan shi sai jarka mai kauri wadda aka yi don mai. Na san kuma halin da ake ciki, kusan kowa a bakin ruwan nan mai ruwan ɗorawar yake ɗauka. In ita ce ƙarfinka, to ka zaɓi sabuwa wadda ba ta sha rana ba, ka wanke ta ta bushe sarai, ka duba murfin yana da robar ciki. Wadda aka toshe bakinta da leda aka ɗaure da ƙyauron roba, bar ta a gida.

Kada ka cika ta har wuya. Fetur yana kumbura da zafi, wajen kashi ɗaya cikin ɗari duk ƙarin digiri 10. Ka cika da sanyin asuba na hunturu, rana ta take ta buge ta, lita 25 ta nemi wurin ƙarin rabin lita ko fiye, ban da tururin da ke matsa ta. Shi ne za ka ga jarka ta yi ciki kamar mai wata tara, kana buɗewa ta feso maka a fuska. Zuba 23 ka bar mata wurin numfashi. In za a cika kuma a sauke ta a ƙasa, kada a cika tana cikin jirgi.

Wurin ajiya: tsakiya zuwa baya kaɗan, a tsaye, a jere a gindin jirgi, a ɗaure da igiya a jikin katakon zama don kada taguwa ta kayar da su. Ka rufa musu jiƙaƙƙen buhun algarara. Kada ka lulluɓe su da tamfol ka toshe ko'ina, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, gindin jirgi yake bi ya kwanta. Ba man da kake gani ke kama wuta ba, wannan tururin ne da ba ka gani. Kuma kada ka tara su duka can baya wajen inji, jirgi zai tsuguna ya ƙara shan mai.

Baƙin mai: ka haɗa tun daga gida, kowace jarka, a tudu inda hannunka ba ya rawa. Yawancin irin injinka ɗaya cikin 50 ne, wato mililita 20 a kowace lita. Jarkar da ka zuba wa 23 tana son 460, rabin lita ya ɗan rage ke nan. Ka duba abin da aka rubuta a jikin naka. Fara zuba baƙin man da ɗan fetur ka girgiza, sannan ka cike. Baƙin man da ake kira 2T na injin jirgi za ka nema, ba na mota ba. Dalilin haɗawa a gida shi ne, ranar da hankali ya tashi mutum yakan juye tsurar fetur ya manta, bayan minti ashirin inji ya kame. Na karɓi irin wannan ba ɗaya ba, ba biyu ba. Duk jarkar da ka haɗa ka ɗaura mata tsumma a hannu don ka gane.

In dole sai ka juye, ka raɓa gaɓa ka kashe inji. Yi da mazurari, ka shimfiɗa masa tsumma mai tsabta. Tsotson tiyo da baki da yaranmu ke yi, wanda ya taɓa shaƙar fetur ya shiga huhunsa ba ya sakewa. Kuma kada ka jira sai inji ya mutu kafin ka ƙara.

Ka kuma duba ƙaramin sukurun da ke kan murfin tanki. In ka manta ba ka kwance shi ba iska ba ta shiga, tanki ya tsuke, inji ya mutu da mai cike. Mutane da yawa sun yi ta jan igiya a kan wannan. Ka riƙe filogi biyu da sifana. Ka shafa farfelarka, in bakinta ya lanƙwashe ko ya guntule tana cin mai a banza, duk lissafin Malam sai ya rushe.

Hajiya Mai Banda:

Ƙanena, su sun yi maka maganar inji, ni bari in yi maka ta kaya, don shekarata ashirin da wani abu ina zama a kan kwalin kifi cikin jiragen nan.

Banda tana shan wari kamar soso. Sau ɗaya wani direba ya ɗora jarkarsa mai yoyo a jikin kayana, ba wani yoyo mai yawa ba, ɗan gumi ne a wuyan murfi. Da na isa kasuwa mai saye ya ɓare tarwaɗa ɗaya ya shinshina ya ajiye, bai ce komai ba ya wuce. Kwali uku na karyar a rabin kuɗi, wadda ta saya ma don ta san ni ne. Saboda haka kifinka gaba, mai baya, ka bar fili tsakaninsu, kuma ka ɗora kwalayen a kan katako kada su taɓa ruwan gindin jirgi, don duk ɗigon da ya zuba cikin ruwan nan yake yawo.

Sannan mutanen da kake rage wa hanya. Ka kafa doka tun a kwata: ba sigari, ba ashana. Ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji, ko da sa'an babanka ne. Da sanyin nan har da masu shigowa da kurfoti da garwashi a ciki wai suna jin ɗumi. Na taɓa sauka daga jirgi a kan haka, aka ce na cika tsoro, na ce na ji.

Kuma nauyin man nan ka lissafa shi cikin lodi. Mu da muke nan ba mu manta jirgin da ya nutse a hanyar Wara a watan Mayun 2021 ba, da mutane fiye da ɗari a ciki. Ba mai ne ya ƙare musu ba, amma duk wanda ya ga wannan ranar ba ya wasa da lodi. In ka ƙara jarka, ka rage kwali. Ka sayi rigar ruwa kai da yaronka, ku sa ta a jiki, ba ku zauna a kanta ba. Filafili kuma biyu, da gora. Wai filafili ɗaya! Allah dai ya so ka.

Na Gidan Mai:

To na ji, Hajiya. Amma dai a rage tsoratar da bawan Allah, kullum mutane na bin hanyar nan da tanki ɗaya da jarka ɗaya.

Jikan Sarkawa:

Baba ya ce a gaya wa Na Gidan Mai gaskiyarsa ne, suna bi. Ya ce masu yin haka kowace tunga suna da wanda zai ba su mai bashi da tsakar dare. Shi wannan wa ya sani?

Ɗan Kwata:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana huɗu ne don ina aikin da kuka ba ni.

Na ari lodin albasa na wani maƙwabcina, nauyinsa ya yi kusa da abin da nake sa ran ɗaukowa. Mun yi gwajin Malam sau biyu, yarona na riƙe da waya yana duba gudu. A murɗe duka, awa ɗaya ta ci lita 7, gudu wajen kilomita 14. Da na sassauta har kukan inji ya daidaita, ta ci 4 da rabi, gudu wajen 12. Wallahi sai da na zauna a bakin kwata na yi tagumi. Wata huɗu ina ƙona lita biyu da rabi duk awa a kan kilomita biyu.

Ga yadda na lissafa, a gyara mini in na kauce. Zuwa, ruwa da iska na bayana, jirgi ba kaya, na ba shi awa 5 da rabi zuwa 6, na sa lita 25. Dawowa na ba shi awa 7 da rabi, kuma na san sai na ƙara wuta a wasu wurare, don haka na yi masa 5 da rabi a awa, ya kama 41. Jimla 66. Rabinsa 33, duka 99. Abin da nake da wurin zubawa shi ne tanki 24 da jarka uku masu 23, wato 93, sai galan ɗaya na lita 4 da zan cusa ƙarƙashin mazaunina in manta da shi. Ya zama 97. Na ga ya yi kusa. Man jarkokin nan uku ya kai nauyin buhun shinkafa mai kilo 50, amma a zuwa ne suke cike, lokacin da ba ni da kaya. Kafin in juyo ɗaya ta zama fanko. Duk da haka na rage kwali ɗaya daga abin da na yi niyya, Hajiya kin ji.

Tanki na biyu na tambaya, kuɗinsa ya fi ƙarfina yanzu, sai bayan wannan tafiyar. Na samo jarka uku sababbi, ɗaya na mayar don murfinta ba roba. Makanike, da na shafa farfelar sai na ji kunne ɗaya ya lanƙwashe, ban taɓa lura ba, an buga mini shi jiya. Karan Baba ma na yi, tsaga huɗu da 'yar guntuwa a sama. Maiɗakina ta gan ni tsugune ina tsoma kara a tanki ta ce ko na koma awon man gyaɗa ne.

Na sami wani mai inji 25 da zai tafi ana gobe kasuwa, ya yarda in bi bayansa, ya ce zai riƙa sassautawa. Abu ɗaya ya rage mini. Jikan Sarkawa, don Allah tambayar mini Baba: in mun fita filin nan hazo ya rufe, na daina hango jirgin da nake bi, in ci gaba a hankali ko in nemi gaɓa?

Jikan Sarkawa:

Ya ce ka rage wuta ka kashe inji na minti ɗaya ka saurara, za ka ji kukan nasa, sauti na tafiya nesa a kan ruwa. In ba ka ji ba, kada ka yi ta zagaye kana nemansa, nan mai ke ƙarewa. A zuwa gaɓar gabas na hannunka na hagu, kuma Wara a wannan gaɓar take. Ka karkata hagu a hankali, yaronka a goshin jirgi da gora yana taɓa ƙasa saboda kututture, har ka ga tudu. Tungar farko da ka gani ka tsaya ka yi sallama ka nemi sarkin ruwansu. Ya ce kuma ka karɓi lambar mai jirgin tun a kwata, ka sa wayarka cikin leda biyu, don ba ko'ina ke da sabis ba amma wani wurin akwai.